Wayar da Lawali Ya Ɗaura

A unguwar bayan kasuwar dabbobi ta Tanut, in kana son sanin lafiyar wutar lantarki ba sai ka je ofishin masu ita ba, Hajjo za ka tambaya. Ba ta taɓa taka ƙofar lekol ba, baƙin boko ko ɗaya ba ta sani ba, amma ta san halin wutar garin fiye da yadda ta san halin dangin mijinta. A rumfar ƙofar ɗakinta akwai ƙwan lantarki guda da ba a kashe shi ko da rana tsaka. Maƙwabta na yi mata tsiya, wai Hajjo na taya rana aiki. Ita kuwa ba haske take nema ba, ƙwan nan mai gadinta ne. In ya yi ja kamar garwashi, wuta ta yi rauni. In ya yi fari fat har yana kashe ido, to ta zo da hauka. Ko wanne ta gani, ko da tana tsakiyar tuƙi ne, sai ta yar da muciya ta faɗa ɗaki ta zare waya daga bango. Tuwon da ya ƙone a gidan nan saboda haka, Allah kaɗai ya san yawansa.

Abin da take tsaro bai taka kara ya karya ba a idon mai gani. Tsohuwar tele ce mai ƙaton ƙeya a kan tebur, da ɗan baƙin akwati a ƙarƙashinta wanda ake kira dekodar, shi ke kamo tashoshi daga farantin parabol da ke tsakar gida. A bayan akwatin an soke wani abu da bai wuce ɗan yatsa ba, kile, abin da ake adana hoto a ciki. Cikin kilen nan ɗanta Lawali yake. Ban da nan, babu wani wuri a duniya da ya rage za a ga fuskarsa.

Hajjo 'yar wani ƙauye ce kusa da Gangara. Aure ya kawo ta Tanut gidan Audi, mai jigilar ruwa a amalanken shanu, mutumin kirki marar yawan magana. Lawali shi ne ɗanta na fari, kuma wanda ya san mutanenmu ya san abin da wannan ke nufi. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta ɗaga ido ta dube shi sosai. Wasu matan suna yi ne sama-sama don kada a zage su. Hajjo kuwa ta ɗauki abin da gaske, kamar yadda take ɗaukar kome. Ranar da aka yaye shi surukarta ta zo ta tafi da shi ɗakinta, Hajjo tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba. Da ƙyanda ta kwantar da shi yana shekara huɗu, a bayan katangar ɗakin tsohuwa ta yini tana tsintar tsakuwa a wake, kunnenta na wajen numfashinsa, amma ba ta leƙa ba. In dole ta kama a ambace shi, sai ta ce "yaron nan". In ya durƙusa gaishe ta, ƙwaryar da ke gabanta take amsa wa. Matan unguwa suka yi ta yabonta, suna cewa kunya dai sai Hajjo, har ana kafa misali da ita ga amare. Shekara talatin ana yabonta, ba wanda ya taɓa tambayarta abin da yabon ya ci mata.

Bayan rasuwar Audi aka jera damina uku gero bai kai rumbu ba. A lokacin ne labarin zinarin Jado ya cika ƙasar Damargu, duk saurayin da ke da ƙafa biyu ya hau mota ya yi arewa. Lawali ma ya bi. Zuwansa na farko ya dawo da ɗan abin hannu, bai sayi babur ba kamar 'yan uwansa, tele ya sayo wa uwarsa da duk kayanta. Da yake bishiyar dogon yaro ta gidan maƙwabta ta tare sama, sai ya samo wani dogon bututun ƙarfe na tsohon famfo, ya kafa a tsakar gida, ya ɗora farantin a can ƙololuwa. Duk unguwar babu abin da ya kai shi tsawo. Ya jawo farar waya daga farantin ta ƙaramar taga, ya tsuguna a bayan akwatin yana murɗa bakinta da yatsunsa har ta kama.

"Inna, ga shi nan," in ji shi, "ki riƙa ganin Makka daga kan tabarmarki."

"Allah shi yi albarka," ta ce wa bango.

Bayan ƙaramar salla ya koma.

Wata safiya sai ga Raishatu, maƙwabciyarta mai sayar da ƙanƙara, ta shigo ko sallama ba ta ƙarasa ba, wai jiya ta ga Lawali a labarai, an nuno masu haƙar zinari, kuma za a maimaita da azahar. Aka aika wa Firdausi, ƙanwar Lawali da ke aure a unguwar asibiti, wadda ta yi lekol ta san kan irin waɗannan abubuwa. Ta zo da kilen mijinta ta soka a bayan akwatin. Mata suka cika ɗakin. Da wurin ya zo ta danna jan maɓalli.

Ba da shi ma ake hirar ba. Wani mutum ne daban ɗan jarida ya tsayar yana tambaya. A bayan mutumin sai ga wani ya ɓullo daga rami, igiya ɗaure a ƙugunsa, ƙura ta mai da shi fari fat. Ya kwance rawanin da ya rufe bakinsa, ya goge fuska da hannun riga, ya lura ana ɗaukar hoto, ya yi dariya, ya ɗaga hannu, ya faɗi wata magana da Faransancin ɗan jarida ya danne. Duka-duka bai kai karatun Fatiha sau biyu ba. Ɗaki ya kaure da guɗa. Hajjo kuwa tun da aka ce "ga shi nan" ta miƙe, wai ta ji kamar awaki sun shiga madafa.

Wata huɗu bayan haka wasu maza biyu suka yi sallama a ƙofar gida. Rami ya rufta da shi da wasu mutum uku. An yi kwana biyu ana tono, ƙasa na ƙara zubowa, har aka haƙura aka yi musu salla a bakin ramin. Wayar salularsa da katin shaidarsa, wanda ke ɗauke da hotonsa guda ɗaya tilo, duk suna aljihunsa. Babu gawa, babu kabari, babu ko rigar da za a kawo. Mata suka zo zaman makoki suka tarar da Hajjo tana ba wasu haƙuri, idonta a bushe. Aka sake yabonta.

Sai bayan sadakar arba'in ta tare Firdausi a bakin randa, ba ta dube ta ba ta ce, "Abin nan da kika danna rannan, yana nan?"

Firdausi ta gane. Ta shiga ɗaki ta nuna mata maɓallai uku da za ta bi, ta ɗiga wa kowanne jan farce don kada ta ɓata, ta fita ta jawo mata ƙofa.

Ranar nan Hajjo ta fara ganin ɗanta. Ta matso har numfashinta na taɓa gilashi. Ashe wushirya gare shi, irin ta mahaifinta sak. Ashe akwai tabo a girarsa ta hagu, ba ta san yaushe ya ji ciwon ba, ba ta san wa ya wanke masa ba. Ashe in zai yi dariya sai ya ɗan karkatar da kai kamar Audi. Ta mayar baya, ta sake, ta sake. Ta yi kukan da ta hana kanta tun ranar yaye, da gefen zane a bakinta don kada Raishatu ta ji ta katanga. Daga ranar, kullum bayan la'asar sai ta tura ƙyaure ta sa sakata. Kowa a unguwar ya san abin da take yi, kowa kuma ya yi kamar bai sani ba, ita ma ta yi kamar ba su sani ba.

Tsoron wuta ya shige ta ne a bazarar da ta biyo baya. Wata rana da hantsi aka ɗauke wuta, da aka maido ta sai ta zo da ƙarfin da ya wuce kima. Ƙwayayen lantarki suka riƙa fashewa gida-gida. Firjin Raishatu ya yi tari ɗaya ya mutu, da shi sana'arta. Tele bakwai suka ƙone a layinsu. Ta Hajjo ta tsira ne don kawai ta zare wayar da safe za ta share bayan tebur, ta manta ba ta mayar ba. Da ta ji abin da ya sami mutane sai ta zauna daɓas a ƙasa. Washegari ta ja akuyarta mai ciki zuwa kasuwa, daga can ta zarce shagon Aghali, wani Buzu mai gyaran rediyo da tele a bakin tasha, ta ce ya ba ta abin da ke tare haukar wuta.

Aghali ya zo da kansa ya haɗa mata regilatar, wani akwati mai nauyi da ke daidaita wuta kafin ta shiga tele. Mutum ne da ba ya iya gyara abu bai yi wa mai shi huɗuba ba. Ya leƙa bayan tebur, ya fita ya ɗaga kai ya dubi bututun nan, ya dawo yana girgiza kai.

"Inna, kayan nan ƙofa biyu gare su. Ɗaya ta bango, ita na sa wa mai gadi yanzu, ko da yake in wuta ta haukace sosai zarewa ta fi. Ɗayar kuma ga ta, wannan farar wayar ta parabol. In hadari ya taso ki murɗe ta ki cire, ki jefa ta waje. Ƙarfen nan naku ya fi kowa tsawo, shi aradu za ta fara gaisarwa."

"To," in ji Hajjo.

"Wannan kilen kuma, in akwai abin kirki a ciki, ki ba ni in kwafe miki a wani. Minti biyar ne."

Ya kai hannu. Hajjo ta riƙe masa wuyan hannu da ƙarfin da bai zaci tsohuwa na da shi ba.

"Bar shi inda yake, Malam Aghali. Tarkacen yara ne."

Ya dube ta, ya janye hannunsa.

Maganar ƙofar bango ta riƙe ta kamar karatun salla. A nan ne ƙwan rumfa ya samo asali. Ta koyi jin canjin kukan fanka, ta koyi cewa wuta ta fi mugunta a lokacin da aka maido ta, don haka in an ɗauke sai ta zare kome, ba ta mayarwa sai ƙwan ya nutsu. Duniyarta ta tsuke ta dawo iyakar inda za ta iya hango rumfar nan. Ko da yake tana iya zarewa ta tafi abinta, zuciyarta ba ta yarda, sai ta riƙa ganin kamar ta manta. Biki in ya wuce layi biyu, gudummawa take aikawa. Da yayarta ta rasu a Gangara, motar safe ta bi ta dawo a ta azahar, dangi suka yi ta surutu wai birni ya ɓata ta.

Maganar ƙofa ta biyu kuwa ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu, kuma ba don wauta ba. Bakin farar wayar yana manne da kilen, tazarar yatsa biyu. Akwai ranar da mijin Firdausi ya ɗan gusar da akwatin, kilen ya yi lako-lako, tele ta nuna shuɗin fili babu kowa, Hajjo ta yini ba ta sa ko ruwa a bakinta ba sai da aka danna shi ya koma. Tun daga nan ta haramta wa kowa bayan akwatin, har da kanta. Ban da haka, wayar nan shi ya murɗa ta. Ta tuna tsugunonsa, ta tuna ƙeyarsa, don ƙeyar ce kawai ta yarda ta kalla ranar. Ba ta kama tasha ko ɗaya ba tun rasuwarsa, ko Makkan ba ta sake nema ba, farantin ba ya yi mata aikin kome. Amma abin da hannunsa ya ɗaura, hannunta ba zai kwance ba.

Firdausi ta yi magiya har ta gaji. "Inna, ki bari a tura shi a wayata, a sa a wuri biyu ko uku. Abin nan fa ba ya da tabbas."

"A kai shi tasha, samari su taru a kai suna nunawa, ana cewa ga abin da Hajjo ke kulle ƙofa tana kallo? Da girmana?"

"Ni zan yi da kaina a gida."

"In kika zare shi ya fita fa? Ke za ki maido shi?"

A nan maganar ke mutuwa kullum.

Kuma ai tana da nata maganin aradu, wanda ta gada. A ƙauyensu in hadari ya haɗo, uwarta kan kife duk tasa mai ƙyalli, ta rufe madubi da baƙin zane, don kowa ya san ƙyalli ne ke kiran walƙiya. To mene ne fuskar tele in ba madubi ba? Hajjo ta ware wani baƙin zane na saƙi musamman don wannan. Da ta ji iska ta juya sai ta zare wayar bango, ta lulluɓe gilashin ruf, ta kife kwanoni. Damina shida tana haka ba abin da ya faru, kowace damina kuma na ƙara tabbatar mata cewa tsofaffi sun fi Aghali sanin sama. Ba ta lissafa cewa a Damargu hadarin kirki a shekara bai fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba.

Damina ta bakwai ta yi jinkiri har aka fita roƙon ruwa sau biyu. Ran wata Laraba bayan azahar gabas ta yi baƙi ƙirin. Gari ya ruɗe da murna, mata na kwashe shanya, ana tara tukwane a bakin indararo. Hajjo ta yi duk abin da ta saba, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Ta zare waya ta rataye a ƙusa, ta rufe gilashi, ta gyara gefen zanen da ya ɗage, ta kife tasoshi, ta zauna a tabarma kusa da tebur da tasbaha a hannu. Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Har ta ji daɗi a ranta, ta ce gobe sai shuka.

Ba ta ji ƙarar ba tukuna, haske ta fara gani, shuɗi, a cikin ɗakin, a ƙarƙashin baƙin zanen. Sannan ƙarar ta zo, ta ji kamar an tsaga mata kai. Da ta dawo hayyacinta tana jingine da gado, kunnuwanta na shuu, ɗakin na warin ƙonanniyar roba. Wayar bango na nan rataye a ƙusarta lafiya lau. Regilatar ko ƙwarzane bai yi ba. Wani siririn hayaƙi ne ke fitowa daga bayan akwatin, daidai inda ba a taɓawa.

Da safe duk garin ya yi gona. Maza da sungumi a kafaɗa, mata da ƙwaryar iri a ka, ana ta barka da ruwa. Hajjo ta naɗe akwatin a baƙin zanen ta ɗora a ka, ta keta cikinsu ta nufi tasha, Firdausi na bin ta a baya. Duk wanda ya ce mata barka da ruwa ta amsa masa yadda ya kamata.

Aghali ya tsufa, ya sa tabarau. Ya kwance akwatin, ya leƙa ciki. Farar wayar ta narke ta manne, sai da ya sa almakashi. Ya ɗauki guntun bakinta da ya yi baƙi ya tura ƙarƙashin tebur da sauri, amma ta riga ta gani. Ya ciro kilen da awartaki, ya tarar ya kumbura, gefe ɗaya ya narke. Duk da haka ya kankare bakinsa ya soka a na'urarsa mai batir, ya jira, ya zare, ya hura, ya sake sokawa. Sau uku. Sannan ya cire tabarau ya ajiye.

"Ta ina ta shigo?" in ji Hajjo.

"Ikon Allah ne, Inna."

"Na san ikon Allah ne. Ta ina ya biyo?"

Ya sunkuya ya ɗauko guntun wayar ya ajiye a gabanta. Bai ce ai na gaya miki ba, ita ma ba ta buƙaci ya ce ba. Ta ɗauka tana jujjuyawa. Da a ce ta murɗe shi sau huɗu da yatsa biyu, shi ke nan. Da a ce ta saki wuyan hannun mutumin nan shekara shida da suka wuce, shi ke nan.

Aghali ya ga yadda fuskarta ta yi, ya so ya rage mata zafi. "Kada ki damu, Inna. Mene ne a ciki? In wa'azi ne ko waƙoƙin biki, duk ina da su, yanzu in zuba miki a sabo."

Firdausi ta buɗe baki za ta amsa mata kamar yadda ta saba, ta ce ai hoton yayana ne. Hajjo ta riga ta.

"Lawali ne."

Sunan ya fito a karkace, kamar ba harshenta ba, don bakinta bai taɓa yin sa ba. Firdausi, da ta kai shekara talatin da biyu ba ta taɓa jin sa daga uwarta ba, ta juya ta kifa kai a jikin ƙyauren shagon. Hajjo ta sake faɗa, a hankali, wannan karon daidai, a gaban Buzu mai gyara da masu jiran motar Damagaram da duk wanda ke da kunne.

"Lawali. Ɗana ne, na fari."

Tun hadarin jiya babu wuta a garin, sai a lokacin aka maido ta. Ƙwan da ke rataye a shagon ya kama, ya yi ja, ya yi fari fat. Kafin ta san abin da take yi Hajjo ta zabura, hannunta ya kai jikin bangon Aghali yana laluben wayar da za ta zare.